Rock Chalk, Jayhawk

Rock Chalk, Jayhawk take ne da ɗalibai da magoya bayan Jami'ar Kansas, wadda ke garin Lawrence a jihar Kansas ta ƙasar Amurka, suke rerawa a wuraren wasanni, musamman wasan ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Ya samo asali ne a shekarar 1886 daga ƙungiyar masu nazarin kimiyya ta jami'ar, tun kafin makarantar ta kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ko ta kwando. Yana cikin tsofaffin taken jami'o'in Amurka da har yau ake amfani da su.

Kalmomin taken ba su haɗa jimla ba, domin babu aikatau a cikinsu, kuma ko Baturen da bai san Kansas ba zai ji su ne kamar surutu mai daɗin ji kawai. Sai dai kowace kalma tana da tushe. Biyun farko suna nuni ga farin dutsen da aka san jihar da shi, ta uku kuma laƙabi ne da ya fito daga rikicin bauta da yaƙin basasar Amurka. Haruffa biyu da ake rufe taken da su, K da U, gajeren sunan jami'ar ne.

## Yadda ake rera shi

Taken gaɓa shida ne kacal idan aka haɗa da haruffan ƙarshe. Bisa al'ada ana maimaita shi sau biyar. A karo biyu na farko ana rera shi a hankali, ana jan kowace gaɓa da murya ɗaya, sannan a sauke murya a ƙarshe. Wannan salo ne ya sa ake yawan kwatanta shi da tsohuwar rerawar cocin Katolika da ake jinginawa ga Fafaroma Gregori. A karo uku na ƙarshe kuwa ana faɗarsa da sauri da ƙarfi, ana datse kowace gaɓa.

Kafin a fara wasa, 'yan kallo kan tashi su rera waƙar makaranta mai suna "Crimson and the Blue", suna gamawa sai su shiga taken. Akwai kuma lokaci na biyu da aka fi saninsa da shi, wato 'yan mintunan ƙarshe na wasan da nasara ta riga ta tabbata. A nan ana yin sashen mai jan murya, ana ta maimaita shi har a busa tashi. Baƙin 'yan wasa da suka zo Allen Fieldhouse, zauren ƙwallon kwandon jami'ar da aka buɗe a shekarar 1955, idan suka ji an fara wannan rerawa sun san cewa masu gida sun gama lissafi.

## Asali

An buɗe Jami'ar Kansas a watan Satumba na shekarar 1866 da ɗalibai 55. Shekara ashirin bayan haka, ɗalibai da malaman fannin kimiyya suna da ƙungiya tasu da ke zama don karanta takardun bincike da kuma nishaɗi. A wancan zamani kusan kowane aji da kowace ƙungiya a jami'o'in Amurka suna da ihun da ake gane su da shi, don haka ita ma ƙungiyar kimiyya ta nemi nata.

Wanda ya tsara shi shi ne Edgar Henry Summerfield Bailey, farfesan ilimin sinadarai, wanda aka haifa a 1848, ya fara koyarwa a Kansas a 1883, ya rasu a 1933. Ƙungiyar ta karɓi taken a ranar 21 ga watan Mayu, 1886. A siffarsa ta farko babu maganar dutse ko alli. Ana faɗin "rah" ne sau biyu, wadda guntuwar kalmar murna ce ta Turanci, sai laƙabin Jayhawk, sai haruffan jami'ar, a maimaita sau uku. Wata ruwaya da ta shahara a jami'ar ta ce ƙarar ƙafafun jirgin ƙasa a kan dogo ce ta ba da karin, lokacin da wasu 'yan ƙungiyar ke dawowa daga wani taro a birnin Wichita.

Ba a daɗe ba aka cire "rah" ɗin aka sa "rock chalk" a gurbinsu. An fi jingina wannan canji ga Arthur Richmond Marsh, wanda ya koyar da Turanci a jami'ar a ƙarshen shekarun 1880, ko da yake wasu ruwayoyin suna ba malaman ilimin duwatsu wannan yabo. Kafin shekarun 1880 su ƙare, taken ya fita daga hannun ƙungiyar kimiyya ya zama na dukan makaranta, kuma salon jan murya ya shigo cikinsa. Da aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a 1890, sannan James Naismith, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon kwando, ya zo jami'ar a 1898 ya kafa ƙungiyar kwando, sun tarar da take a shirye. Wani gini a harabar jami'ar, Bailey Hall, yana ɗauke da sunan Bailey har yanzu.

## Ma'anar "Rock Chalk"

A Turanci "rock" na nufin dutse, "chalk" kuma alli. Tsarin da aka saba shi ne "chalk rock", wato dutsen alli. Harɗaɗɗen suna a Turanci yakan ajiye babbar kalma a ƙarshe, mai bayyana ta kuma a gaba. Hausa tana yin akasin haka: a "dutsen alli" babbar kalmar ita ce ta farko. Saboda haka idan aka bi nahawun Turanci sau da ƙafa, "rock chalk" zai zama wani nau'in alli ne, kamar a ce "allin dutse". Masu taken ba wannan suke nufi ba. Sun juya kalmomin ne domin "chalk" ta zo a inda za ta yi amsa-amo da gaɓar ƙarshe ta Jayhawk.

Haruffan ƙarshe ma a juye suke. Cikakken sunan makarantar da Turanci yana farawa ne da kalmar jami'a kafin Kansas, amma gajeren sunanta KU ne. Wasu jami'o'in jihohin tsakiyar Amurka, kamar na Oklahoma da Colorado da Missouri, su ma haka suke juya nasu.

### Wane dutse ake nufi?

An gina jami'ar a kan wani tudu mai suna Mount Oread. Mutanen da suka kafa garin Lawrence a 1854 ne suka raɗa masa sunan, daga wata makaranta da ke Worcester a jihar Massachusetts, ita kuma ta ɗauko shi daga tatsuniyoyin Girka inda kalmar ke nufin aljanun tsaunuka. Bayanin da aka fi ji shi ne cewa taken yana nufin farin dutsen da ke saman wannan tudu.

A wurin masana duwatsu akwai gyara a wannan magana. Dutsen tudun, wanda ake kira Oread Limestone, dutsen farar ƙasa ne mai tauri, dangin wanda ake yin siminti da shi, kuma ya kai kimanin shekara miliyan 300. Alli na gaske yana can yammacin jihar, ɗaruruwan kilomitoci daga Lawrence, a shimfiɗar da ake kira Niobrara. Ya taru ne sama da shekara miliyan 80 da suka wuce, lokacin da wani teku marar zurfi sosai ya raba nahiyar Amurka ta Arewa gida biyu. Ɓawon ƙananan halittun ruwa da ido ba ya iya gani ne ya riƙa zuba a ƙasan tekun har ya zama dutse mai laushi da ke barin fari a hannu. Ana ganin ragowarsa a gundumar Gove, a wuraren da ake kira Monument Rocks da Castle Rock, inda ginshiƙan alli suka kai kusan mita 20 a tsayi. A cikin wannan alli aka tono ƙasusuwan manyan dabbobin teku da masu tashi na zamanin da, kuma akwai wasunsu a gidan adana kayan tarihin halittu na jami'ar.

Duk da haka duwatsun biyu 'yan gida ɗaya ne, domin sinadarinsu ɗaya, wato kalsiyam kabonet. Tarihin kalmar ma ya haɗa su. "Chalk" ta fito ne daga kalmar Latin "calx", mai nufin dutsen farar ƙasa, kuma daga ita aka samo sunan sinadarin kalsiyam. A Jamusanci 'yar'uwarta "Kalk" har yau farar ƙasa take nufi. Turancin Ingila ne ya taƙaita ma'anarta ga alli.

## Ma'anar "Jayhawk"

Babu wani tsuntsu mai suna jayhawk a duniya. Kalmar haɗin sunayen tsuntsaye biyu ce. "Jay" tsuntsu ne mai shuɗin gashi daga dangin hankaka, wanda aka sani da hayaniya da kuma ɓarna a sheƙar wasu tsuntsaye. "Hawk" kuwa shaho ne, mai farauta a shiru ya kai sura. An fara jin kalmar a ƙarshen shekarun 1840. Wani ayarin matafiya daga jihar Illinois da ya nufi California neman zinariya a 1849, ya sha wuya a kwarin Death Valley, ya kira kansa da sunan Jayhawkers. Akwai kuma labarin baka da ke cewa wani ɗan asalin Ireland mai suna Pat Devlin ne ya fara amfani da ita a Kansas, bayan ya dawo daga wani hari ɗauke da ganima.

Kalmar ta yi nauyi ne bayan dokar Kansas da Nebraska ta 1854, wadda ta bar wa mazauna yankin su zaɓa da ƙuri'a ko za a halatta bauta a cikinsa ko a'a. Masu goyon bayan bauta suka kwararo daga jihar Missouri da ke maƙwabtaka, masu adawa da ita kuma suka zo daga arewa maso gabashin ƙasar suka kafa Lawrence a matsayin cibiyarsu. Rikicin da ya biyo baya, wanda tarihi ya sani da sunan Kansas mai zubar da jini, ya ɗauki shekaru. A ranar 21 ga Mayu, 1856, masu goyon bayan bauta suka afka wa Lawrence, suka lalata maɗaba'o'in jaridu biyu da babban masauƙin garin. Ranar da ƙungiyar kimiyya ta karɓi takenta ta yi daidai da cika shekara 30 da wannan hari.

A cikin wannan rikici aka riƙa kiran mayaƙan sa-kai na ɓangaren masu ƙin bauta da sunan Jayhawkers. Suna tsallaka iyaka su shiga Missouri, su 'yanta bayi, su kuma kwashe dawakai da dukiya su ƙona gidaje. Don haka kalmar ta ɗauki ma'ana biyu a lokaci ɗaya. A Kansas tana nufin mai yaƙi da bauta, a Missouri kuma tana nufin ɗan fashi. Kansas ta zama jiha marar bauta a ranar 29 ga Janairu, 1861, kuma da yaƙin basasa ya ɓarke a wannan shekara, rundunar mahaya dawakai ta bakwai ta Kansas, ƙarƙashin Charles Jennison, ta shahara da wannan laƙabi.

Abubuwa biyu daga wannan yaƙi sun fi tsayawa a zukatan mutanen yankin. A watan Satumba na 1861 dakarun James Lane suka washe garin Osceola na Missouri, suka ƙona shi, suka kashe mutum tara. A ranar 21 ga Agusta, 1863, William Quantrill ya jagoranci mahaya ɗaruruwa daga Missouri zuwa Lawrence, suka kashe maza da samari kimanin 150, suka ƙona yawancin garin. Kwana huɗu bayan haka rundunar gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a kwashe mazauna karkarar gundumomi huɗu na yammacin Missouri daga gidajensu.

Bayan yaƙi, ɓangaren da ya yi nasara ne ya rinjayi ma'anar kalmar, har ta zama laƙabin duk wani ɗan Kansas. Lokacin da Bailey ya sa ta a take, shekara 23 kawai aka yi da harin Quantrill, kuma waɗanda suka tsira daga shi suna nan da rai a garin. Hoton tsuntsun ya zo daga baya. Wani ɗalibi mai zane, Henry Maloy, ya zana shi a 1912 sanye da takalma, sannan Hal Sandy ya zana mai murmushi a 1946, wanda shi ne tambarin da ake amfani da shi zuwa yau da 'yan gyare-gyare.

## Tsarin sauti

Ƙarfin taken ya dogara ne sosai ga yadda sautukansa suka jeru. Uku daga cikin gaɓoɓi shida, wato "rock" da "chalk" da "hawk", suna ƙarewa da baƙin /k/. Harafin "l" da ke cikin "chalk" ba a furta shi. Biyu kuma, "jay" da sunan harafin K, suna da wasali iri ɗaya. Gaɓa ta ƙarshe, U, doguwa ce kuma a buɗe take, shi ya sa ake iya jan ta yadda ake so.

Amsa-amon kalmomin uku na farko ya danganta da karin harshe. A daidaitaccen Turancin Ingila wasalin "rock" gajere ne, na "chalk" da "hawk" kuma dogo ne mai zagaye leɓɓa, don haka amsa-amon bai cika ba. A yawancin yammaci da tsakiyar Amurka, har da Kansas, waɗannan wasula biyu sun haɗe sun zama ɗaya a bakin masu magana da yawa, abin da masana kimiyyar harshe suka daɗe suna nazari a kansa. A irin wannan baki taken yana fita ne kusa da "rak cak je-hak ke-yu", kuma kalmomin uku suna amsa juna daidai.

Baƙin /k/ sauti ne da ake tsayar da iska gaba ɗaya wajen furta shi. Wannan ya sa gaɓa ɗaya take iya yin aiki biyu: a ja wasalinta a sashen farko, a datse ta a sashe na biyu. Hausa ma tana amfani da wannan sauti a ƙarshen kalma don nuna tsayawa ko iyaka, kamar a "cak" da "tak". Idan dubban mutane suka rufe gaɓa da shi a lokaci ɗaya, ɗan shirun da ke biyo baya yana fitowa sarai a cikin zaure.

## Yaɗuwa

Taken ya fita daga harabar makaranta tun da wuri. Sojojin rundunar sa-kai ta 20 ta Kansas sun yi amfani da shi a yaƙin Filifin a 1899. Kwamandansu, Frederick Funston, tsohon ɗalibin jami'ar ne. Tarihin da jami'ar ke bayarwa ya ƙara da cewa an ji shi a China lokacin tawayen 'yan Boxer da kuma a Yaƙin Duniya na Biyu, cewa shugaba Theodore Roosevelt ya fifita shi a kan duk taken jami'o'in da ya taɓa ji, kuma cewa a gasar Olamfik ta 1920 a Antwerp, da Sarki Albert na Beljiyam ya nemi jin samfurin ihun jami'o'in Amurka, wannan ne 'yan wasan suka rera masa.

A yau kalmomi biyun farko sun zama gaisuwa tsakanin tsofaffin ɗalibai: ɗaya ya faɗe su, ɗayan ya amsa da sauran. An kuma raɗa wa abubuwa da dama sunan, kamar Rock Chalk Revue, wasan dandamali na ɗalibai da ake tara kuɗin taimako da shi tun 1949, da Rock Chalk Park, filin wasanni da aka buɗe a Lawrence a 2014.

Nasarorin ƙungiyar kwando, wadda ta ci kofin jami'o'in ƙasar a 1952 da 1988 da 2008 da 2022, sun kai taken ga masu kallon talabijin a ƙasashe da yawa. Cikin waɗanda aka rera wa shi akwai 'yan Afirka, kamar Joel Embiid ɗan Kamaru, wanda ya buga kakar 2013 zuwa 2014, da Udoka Azubuike haifaffen Legas, wanda ya buga daga 2016 zuwa 2020. Wilt Chamberlain, wanda ya daɗe yana ɗauke da ɗacin rashin nasara a wasan ƙarshe na 1957, ya koma Allen Fieldhouse a watan Janairu na 1998 don bikin rataye rigarsa, kuma da kalmomin taken ya rufe jawabinsa.

## Taƙaddama

Tarihin kalmar Jayhawk bai gushe ba a ɗaya ɓangaren iyaka. Hamayyar wasanni tsakanin Jami'ar Kansas da Jami'ar Missouri, wadda ta fara a ƙwallon ƙafa a 1891, an daɗe ana kiranta yaƙin kan iyaka, kafin a sassauta sunan a hukumance a 2004. Laƙabin 'yan wasan Missouri, Tigers, shi ma daga wata rundunar tsaron gari ta zamanin yaƙin basasa a Columbia aka samo shi. Wasannin sun tsaya bayan Missouri ta koma wani rukunin gasa a 2012, aka dawo da na kwando a watan Disamba na 2021.

A shekarar 2011, lokacin cika shekara 150 da ƙona Osceola, majalisar garin ta zartar da ƙuduri tana neman Jami'ar Kansas ta daina amfani da sunan Jayhawk, bisa hujjar cewa yana girmama waɗanda suka washe garin. Jami'ar ba ta canza sunan ba. Masu kare shi suna cewa yana tuna gwagwarmayar da ta hana bauta shiga Kansas, masu sukarsa kuma suna nuna fararen hular da aka kashe ko aka raba da gidajensu da wannan suna.

## Makamantansa

Rock Chalk ya fito ne a zamanin da jami'o'in Amurka ke gasar ƙirƙirar ihu, kuma da yawansu an gina su a kan sauti fiye da ma'ana. Ɗaliban Yale sun ari kukan kwaɗi daga wani wasan kwaikwayo na Aristophanes na tsohuwar Girka. Na Jami'ar Minnesota, Ski-U-Mah, ya fito a 1884. A Virginia Tech wani ɗalibi ya ƙirƙiri kalmar Hokie a 1896 cikin taken da ya ci gasa da shi, daga baya ta zama laƙabin makarantar. Wanda ya fi kusa da na Kansas a jigo shi ne Hoya Saxa na Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington, haɗin kalmar Girkanci da ta Latin da ake fassarawa da "irin waɗannan duwatsu!". Shi ma daga taken ne 'yan wasan makarantar suka samu sunansu na Hoyas.